Jirgin Kawu Jatau

A Kabala, bayan shagon mai gyaran rediyo,
akwai ɗakin da Kawu Jatau ke rufewa da kwaɗo biyu.
Jirgi yake ce masa.
Mu kuwa muka ce tsufa ne ya zo da gardama.

Ran wata Asabar ya ce, "Ladidi, tuɓe takalmi,
ba a hawa da ƙasa a ƙafa."
Na tsallake dokin ƙofa.
Ya ƙame ya sara wa bango,
ni ma na sara, ina danne dariya.

Ga ƙararrawar tagulla, bakinta ya yi kore.
Ga guntun sarƙa, zobe uku tak,
kowanne ya fi damtsena kauri.
Farar hula a cikin leda,
kwanson harsashin igwa
wanda Inna ta taɓa cusa wa tsintsiya, aka yi kwana uku ba gaisuwa.
A tsakiya ga shi kansa, na katako, kamu huɗu,
shekara shida ana fafe shi da 'yar wuƙa.

Da tsinken sakace yake nuni:
"Nan nake kwana, ƙasa da ruwa, jikin injin,
zafi kamar gidan burodi.
Nan Okon ke dafa wake.
Nan Bitrus ya yi wata uku yana amai
kafin cikinsa ya yi sulhu da teku.
Mu 'yan tudu, da ko rijiya sai mun leƙa da bismilla!"

Na ce, "Kawu, kun taɓa harbi?"

Fanka ta zaga, ta sake zagawa.
"Mun harba."
"Wa kuka samu?"
Ya share ƙura daga bakin igwar katako da babban yatsa.
"Ruwa ba ya ajiye sawu, 'yata.
Mai ajiyewa yana nan,"
ya dafa ƙirji, ya yi tari.

Na ainihin fa, ina yake?
Ya ce labari ya iske shi an yanka,
an auna a sikeli, an sayar kilo-kilo.
Shi ya sa in ya shiga Panteka
ba ya wuce tukunya ko murhu bai ƙwanƙwasa ba,
ko wani ƙarfe zai amsa da muryar da ya sani.
Maƙera sun saba, har kujera suke ba shi.

Da la'asar muka gangara bakin kogi.
Wani mai kwalekwale na fama da lodin yashi.
Kawu ya tsoma yatsa, ya ɗanɗana,
ya girgiza kai: "Ba gishiri."
Amma bai tashi ba sai da aka kira magariba.

Da muka koma ya miƙo mini igiyar ƙararrawa.
Na ja sau ɗaya.
Ƙarar ta ratsa kwanon rufi, ta fita layi,
har maƙwabciya ta leƙo da galan
tana tambaya ko mai kananzir ne ya iso.