Takalmin Gidan Labrum

Tun asuba ake yayyafi a Northampton,
irin wanda ke jiƙa mutum da sanɗa.
Cedric Tebbutt ya turo ƙofar shagona da kafaɗa,
ƙunshi biyu a hammata, fuska a murtuke,
ko gaisuwa bai tsaya mun yi ba.

Ya kwance na farko a kan teburin aiki.
Na san shi kamar tafin hannuna:
ruwan ƙasa, mai igiya biyar,
ya saye shi shekarar da aka haifi 'yarsa Maureen,
yau shekara talatin da ɗaya ke nan.
Sau huɗu ina sake masa tafi,
fatar ta yi laushi, ta haddace ƙafar mai ita,
har kumburin ɗan yatsansa na hagu ta sani,
kuma ko sau ɗaya ba ta sha ruwa ba.

Na biyun sabo ne fil, sai ƙyalli.
Wata biyar, in ji shi, fam ɗari huɗu,
ga shi ya wangame baki kamar kifin kogin Nene.
Tambarin dai shi ne, Labrum da Pell,
da zanen guduma, da shekarar kafuwa,
ko ɗigo ba su canza ba.

Na sa basilla na ɗaga gefen.
Inda ya kamata zare ya kama fata,
gam na tarar, da kwali a matse,
ɗinkin da ke sama ado ne kawai,
an zana shi don ido, bai ratsa ko'ina ba.
Na ce, Cedric, kallon kitse ka yi wa rogo.
Ya ce, Ivor, kai baduku ne, ba alƙali ba.

Ubana, in ji shi, shekara arba'in yana yanka musu fata,
da ƙamshin kakin zuma yake dawowa gida.
Da takalminsu na yi aure,
da shi na raka gawar Doreen ƙarƙashin dusar ƙanƙara.
Gidan da ya ɗauke ni duk wannan tafiya
ba zai yashe ni a tsakar hanya ba.

Na ce, gidan nan an sayar da shi tun tuni.
Masana'antar da ke bayan coci
ta zama ɗakunan haya masu labule,
injinan sun hau jirgin ruwa,
tsofaffin hannuwa sun koma lambu.
Suna suka saya, Cedric, suna da guduma,
ba su sayi haƙurin ubanka ba.

Ya yi shiru. Agogo na ta ƙirga mana.
Ya shafa tsohon da babban yatsa
kamar mai lallashin kare mara lafiya.
Can ya ce, wataƙila ranar Juma'a aka yi wannan,
ma'aikaci na sauri ya tafi gida.
Guda ɗaya ai ba duka ba.

Ya rubuta musu wasiƙa, shafi uku, da alƙalami.
Bayan sati shida amsa ta zo,
layi huɗu, sun gode da kasancewarsa ɗan gida,
ga takardar rangwame, kashi goma cikin ɗari,
ko sunansa ba su rubuta daidai ba.

Na sake wa tsohon tafi karo na biyar.
Sabon na liƙe shi, na ce kada ya shiga ruwa,
a garin da ruwa ba ya hutu.

Asabar ɗin nan na hango shi a titin kasuwa,
tsaye gaban gilashin shagonsu,
tsohon takalmi a ƙafa, yana sheƙi,
hannu a aljihu, inda takardar take.
Ya daɗe. Motarmu ta zo, na shiga.
Ko ya tura ƙofar, ban gani ba,
kuma har yau ban tambaye shi ba.