Baƙin Littafi da Kati Huɗu

Ƙarfe uku na dare nake hura murhu,
kafin ladanin Yelwa ya gyara murya.
Mutum biyar ke cin abinci ƙarƙashin kwanon nan,
ni na shida, kuma ni ke biya.

Ran Talata wata mata ta zo da jakar takardu,
takalminta bai saba da toka ba.
Ta ce: mutuwel.
Na ce: Hajiya, ko sunan bai yi mini daɗi ba,
wa ke sayen abin da ya fara da mutuwa?
Ta yi dariya, ta ja layi uku a bayan buhun fulawa:
wannan naka, wannan na yaro, dogon na gwamnati.
Na ce: dogon nan na san shi,
sai an share makoki yake isowa.

Da dare na zauna da lissafi.
Fulawa ta hau, yis ya hau,
itacen hanyar Pitowa ya hau,
burodi kuwa yana nan inda yake,
ka ƙara dala ɗaya, Garwa duka ta ji.
Jaka nawa a wata, sau biyar?
Alƙalami ya tsaya, ni ma na tsaya.

Sai na jawo ɗaya littafin, mai baƙin bango.
Shafi na tara: Hammajoda, jaka talatin da biyu,
daren da zazzaɓi ya sanƙarar da 'yarsa Dudu,
ya buga mini ƙofa ba hula, ba takalmi.
Na ba shi. Yarinya ta tashi.
Amma tun ranar, shekara guda da wata biyu,
mutumin da muke sa hannu a kwano ɗaya,
in na shigo ta gabas, sai ya sami aiki a yamma.
Bashi hanji ne, yana cikin kowa,
nawa dai ya cinye mini aboki.

Shafi na sha ɗaya: Tizi, hannun dama, ƙunar tire.
Kwana shida yana ɗaure shi da tsumma da man gyaɗa
don kada sunansa ya sake shiga littafin nan.
Yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa har yau.
Da su yake miƙo mini canji.

Da safe na tara su a bakin murhu.
Sali ya ce: Maigida, ba ni nawa a hannu,
lafiyata ƙalau, haya ce ke ciwo.
Ban ga laifinsa ba.
Yuguda ya dangwala yatsa bai ce komai ba.
Ngarta kuwa ba shi da takardar haihuwa,
ofis ya ce sai ya tabbatar an haife shi.
Ya ce: ga ni.
Suka ce: bai isa ba.
Sau uku muna zuwa, a na huɗu aka buga hatimi.

Kati huɗu, bayan wata uku da rabi.
Ba zan yi ƙarya ba:
akwai ranar da aka ce magani ya ƙare,
muka saya a kanti da kuɗinmu.
Akwai watan da na biya rabona
na ɓuya wa mai itace bayan buhuna.

Amma da damina ta kwaso sauronta daga Binuwai,
Dudu ta sake kwanciya,
ban ji bugun ƙofa ba.
Sai da hantsi Hammajoda ya shigo a makare,
ya dube ni cikin ido, ya ce: jikinta da sauƙi.
Ya shinshina kwaɓin, ya ce:
yis ɗin nan naka na banza ne, wa ya cuce ka?
Rabon da ya yi mini tsiya haka, na manta.

Baƙin littafi yana nan a kan kanta,
shafi na sha biyu fari tas.
Jiya Sali ya tsaya bayan kowa ya watse,
yana murza hula, yana danne tari,
ya ce: matar nan mai jaka,
yaushe za ta dawo?