Ƙulli Nawa?

Shekara arba'in da bakwai ina riƙe da basilla
a rumfarmu ta bakin Kasuwar Dole.
Na ɗinka alabe, na ɗinka kube,
na ɗinka salkar da ta je Agadas ta dawo ba ta ɗiga ba.
Abin da babana ya bar mini bai cika tafin hannu ba:
"Kalla, in ka gama, ka ƙulla.
Zaren da ba a ƙulle ba, baƙo ne, gobe zai tafi."

Sai ga ni yau, ni ne fatar.

Ƙaba ce ta kwantar da ni.
Da maganin barci ya sake ni a babban asibiti,
kafin in nemi ruwa, kafin in nemi Barira,
na kama hannun rigar Likita Fasuma.
Na ce, ƙulli nawa kika yi mini?

Ta ce, ko ɗaya, Baba.

Na dubi rufin ɗaki.
Na fara lissafin waɗanda nake bi bashi.

Da la'asar ta dawo da guntun zare a cikin leda,
bai kai ɗan yatsa ba.
Ta ce, kai mai sana'a ne, shafa ka ji.
Na shafa shi gaba, sumul, kamar bayan maciji.
Na dawo da yatsa baya, ya cafke ni.
Harshen kyanwa!
A'a, ƙarangiya ce,
wadda ke bin wandona tun daga gonar Mirya har gida
ba wanda ya ɗaura ta.

Ta ce, ƙayoyi ne ƙanana, duk sun fuskanci waje guda.
Shiga suke bari, fita ce ba su sani ba.
Ƙulli kuwa shi kaɗai yake ɗaukar kaya,
a nan zare ya tanƙwaru, a nan ya shaƙe kansa.
Wannan, kowace ƙaya da ɗan rabonta na nauyi,
daga bakin rauni har ƙarshensa.

Ban ce mata komai ba.
Amma akwai abin da na sani tun ina saurayi
ban taɓa faɗa wa babana ba har ya koma:
duk wasakin da aka dawo mana da shi gyara,
duk maratayin da ya tsinke,
a gindin ƙullin yake tsinkewa.
Ina gani, ina sake ƙullawa,
ina ƙara biyu a kai.

Daren farko tari ya zo.
Na danne shi, ya ƙi.
Na dafe ciki da hannu biyu ina jiran jin ɓarkewa,
irin ƙarar da na sani, ta ɗinkin almuru.
Na yi tarin.
Wani abu a can ciki ya ja, ya riƙe,
ba wuri guda ba, ko'ina,
kamar mutanen unguwa sun sa kafaɗa ƙarƙashin azara.

Barira ta ce, me ya faru?
Na ce, babu. Miƙo mini ruwa.

Wata uku ke nan.
Na hau duwatsun Birni da ƙafata, ina hutawa sau biyu.
Likita ta ce zaren ma narkewa zai yi,
in nama ya kama ɗan'uwansa, aikinsa ya ƙare.
Ban taɓa yin ɗinkin da ya san lokacin tafiyarsa ba.

Jiya jikana Lawali ya gama alabensa na farko,
ya ɗago kai yana jiran maganar da aka gada.
Na ce masa ya ƙulla.
Fatar akuya ba ta warkewa, ƙulli ne gatanta.

Guntun zaren nan yana cikin zabirata, tare da basilla.
In kasuwa ta yi sanyi nakan fiddo shi,
in shafa gaba,
in shafa baya.