Buntu da Katakon Jirgi

Ɗakin nan ni na gina shi,
bulo bisa bulo, damina biyu da rani ɗaya,
a ƙarshen garka, tsakanin gwaiba da lemun tsami,
inda hayaniyar Yelwa ba ta isowa
sai kukan injin jirgi in iska ta juyo daga Kwara.

Na ce a nan zan huta da littattafaina.
Bazara ta zo ta ƙaryata ni.
Kwano ya sha rana tun hantsi,
kafin azahar ɗaki ya zama tanda,
ni kuma waina.
Kulu ta leƙo, ta ga zufa na ɗiga kan takarda,
ta ce, "Malam, in juya ka, ko gefen nan bai nuna ba?"

Shi ne na tafi injin casa na Arzika
na roƙi buntun shinkafar da suke zubarwa.
Buhu goma sha bakwai a kan amalanke,
yara na bin mu suna tambaya ko kiwon kaji zan fara.
Na cuɗa shi da toka da farar ƙasa
don gara ta ɗanɗana ta tofar,
ɓera ya nemi wani masauki.
Na ɗura a ƙananan buhuna, na lallatsa su kamar matashin kai,
na cusa tsakanin kwano da silin.
Ƙaiƙayi!
Kwana uku ina susa, har a cikin sallah.

Nomau kafinta ya zo wucewa, ya ɗaga kai,
ya ce, "Mi kaka yi haka? Wanga ba aiki na ba.
Bar ma iska hanya.
In ka toshe ma ɗaki hanci, damina ta ruɓar da shi."
Na ji haushi, ban amsa ba.
Da ya sha kwana na sauko da duk abin da na jera,
na bar yatsu huɗu a ƙarƙashin kwano,
na sake daga farko.

Bango kuwa, na ƙi katakon kasuwa.
Akwai jirgin Baba, shekara tara yana kife bayan rumbu,
maɗaci ne, ruwa bai ci shi ba, ƙasa ta haƙura.
Na ɓamɓare shi ƙusa bayan ƙusa,
na kankare kwalta da tsohuwar laka.
Amma katakon jirgi bai san miƙewa ba,
a lanƙwashe ya saba, yana rungumar ruwa.
Na jiƙa, na danne da duwatsu,
mako biyu ina lallashi.
Duk suka yarda, ɗaya ya ƙi.
Na kafa shi da doronsa kusa da taga.

A jikinsa akwai inda igiyar koma ta ci,
akwai zane bakwai da Baba ya yi da wuƙa.
Ban san abin da yake ƙirgawa ba.
Giwan ruwa ne, ko bashi?
Da 'ya'ya ne, mu shida muka tashi.
Ban goge wurin ba. Man da na shafa ma, na kewaye shi.

Ranar da guduma ta huta,
Kulu ta shigo da curin man shanu a cikin ludayi,
ta ajiye kan tebur da azahar, ta fita.
La'asar ta dawo.
Curi na nan zaune, ɗan gumi kawai ya yi a goshi.
Ba ta ce komai ba.
Washegari na tarar da keken ɗinkinta a kusurwar gabas,
da tabarma, da gwangwanin maɓallai.

Yanzu rabin ɗakin nawa ne.
Da dare in katako ya huce sai ya riƙa ƙas, ƙas,
kamar ana kwance shi daga turke,
ƙamshin kogi na fita ta ramukan ƙusa.
Tsaka ɗaya ta tare a bayan mai doron.
Na bar mata.