Kauce, Ka Tare Mini Kuka

A Mai Wurno, bayan isha'i,
in an ci sa'a wuta ba ta gudu ba,
Altayyib kan cicciɓo talabijin zuwa tsakar gida,
ya ɗora bisa tsohon turmin da aka kife,
ya haye katanga yana murɗa faranti
har sai Kano ta daina yayyafi a gilashi.

Mu kan jawo gadajen igiya.
Iklas ta zo da butar shayi da na'ana'a.
Malam Jibir maƙwabci ya yi sallama,
ya ce shi ba kallo ya kawo shi ba,
aron tsani ya zo.
Damina uku ke nan tsanin na jingine.

Iklas ɗinki take kallo.
Ko ana mutuwa a ciki, ita wuyan riga ta gani,
ta zana a bayan littafin lissafi,
ran kasuwa ta kai wa tela a Sinnar,
ya ɓata mata yadi, su yi faɗa, ta koma.
Altayyib ya ce duk ƙarya ce,
wa zai sauka daga mota irin wannan
ya tafi bai ko waiwaye ta ba?
Malam Jibir na jan carbi yana tsaki,
duniya ta lalace, in ji shi, ta lalace,
can kuma ya sunkuyo kunnena:
“Wai shi mai jar hular nan,
ya biya bashin ko har yanzu?”

Kakata Tamadina ba ta bin labari.
Ba ta san wa ke son wa ba, ba ta tambaya.
A nan aka yanke mata cibi, bakin Nilu.
Uwarta kuwa a hanya aka haife ta,
gindin wata tsamiya da ba wanda ya riƙe sunan garin,
ana tafiya gabas da jaki ɗaya da niyyar hajji.
Yamma, wajen kakata, inda rana ke faɗuwa ne kawai
da inda tsofaffi ke juya fuska in sun yi shiru.

Shi ya sa take matsowa har numfashinta ya taɓa gilashi.
Saurayi na rantse-rantse, budurwa na share hawaye,
ita tana leƙen bayansu.
“Kauce, yaro,” ta ce da shi,
“kauce, ka tare mini kuka.”
Ta ga rumbu, ta ƙirga kajin da suka gifta.
Ta hango akushi a kan wani kanta,
baƙi, mai tsaguwa a baki,
ta dafa gwiwata: “Irin na Inna.
Ashe ba ita kaɗai ke da shi ba.”
Wani zakara ya yi cara daga nesa, bayan magana,
wanda masu ɗauka ba su gayyata ba.
Ta ce, “Ji! Da Hausa yake yi, kamar namu.”

Daren jiya, ana dab da tona asirin mai jar hula,
wuta ta ɗauke.
Iklas ta yi salati, Altayyib ya zagi kamfani,
Malam Jibir ya manta kansa ya ce, “Kash!”
Duhu ya dawo mana da kwaɗin bakin kogi
da ƙamshin kisira daga gidan Bakita.

Kakata ta gyara mayafi, ta ce cikin duhun,
“Bana sun samu ruwa can. Kun ga ganyen?”

Ni da na yi karatu a Madani,
mai littattafai cike da akwati,
na ce, “Kaka, wannan tsohon fim ne.
Ya fi shekara bakwai da ɗauka.”

Ta yi shiru har na ji kunya.
Sannan na ji ƙarar kofinta a kan tire.
“Shekara bakwai,” ta ce. “To, ya yi sauri.
Labarin gida dama a ƙasa yake zuwa.”