Gora a Ƙasar Dutse

A garinmu dutse ke tsira ba shuka,
gero kuwa sai an yi masa magiya.
Gora ba 'yar nan ba ce.
Daga kudu take zuwa, ɗaure bisa buhunan masara,
ta sauka a tashar Tawa,
jakinmu ya hau tudu da ita
yana jan wutsiyarta a kan tsakuwa
har karnukan Tamaske su san mun dawo.

Babana Tankari ya shekara tara a Abijan.
Bai zo da rediyo ba, bai zo da keke ba,
sai wuƙa guda mai ƙota naɗe da robar taya
da hannun da ya iya tsaga gora gida takwas.
A dandali aka yi ta dariya,
wai an je neman arziki an dawo da tsinke.

Yanzu tun rana ba ta leƙo ta bayan dutse ba
zai take sandar da tafin ƙafa,
ya ɗora wuƙa kan gaɓa, ta ce tas!
Inna Kuluwa ta jiƙa tsagin a kwatarniya.
Ni nawa kankarewa.
Sartse ta san yatsuna, babu wanda ba ta gaisa da shi ba.

Ran Lahadi muka kai kaya kasuwa:
kejin zabi, kwandunan albasa, da kujera ɗaya tal
da ta ci masa kwana shida.
Wata mai shagon atamfa ta taya jika biyu,
ta ce ai kara ne.
Bai tanka ba.
Ya zauna a kai, ya ɗora ni a cinya,
ya kira mai dakon gishiri ya ce aza mini buhunka.
Kujera ko tari ba ta yi ba.
Matar ta kwance bakin zane, jika huɗu.

Gero tiya uku ya fita a ciki,
da maganin ƙirjin Inna.

Jakar da yayana Illa ya haɗa don hanyar Agadas
tana nan rataye, gizo-gizo ya saƙe bakinta.
Shi ma saƙar yake koyo, kwandonsa duk a karkace,
Baba ya ce albasa ba ta duba fuskar kwando.

Guntun gaɓa da ya rage, ya tsaga masa ƙaramin baki,
ya ce ga asusunki.
Dala biyar-biyar nake jefawa.
Da dare idan iska ta sauko daga tudu
nakan girgiza shi kusa da kunnena.
Bara shiru yake.
Bana yana amsawa.