Murfin Injin Baba

A tsakiyar Isa ya yi tari sau uku,
ya yi shiru.
Na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami,
ko atishawa bai yi ba.
Kabewa ɗari da arba'in na ɗauko daga Bubon,
ruwa na janmu ƙasa a hankali,
masu wanki a bakin Gamkalle suka bar sabulu suna kallo
yadda ƙato ke tuƙi da guntun katako.

Munkaila ya shimfiɗa buhu a gindin mangwaro,
ya feɗe shi, ya jera kayan ciki.
Ya kama yatsana ya kai bangon silinda,
ya ce, taɓa nan.
Na taɓa. Tsaga ce doguwa,
irin ta kumatun kakata.
Jika ɗari da tamanin, in ji shi, zan tashe shi,
amma ban ce zai ga baɗi ba.

Na hau kabu-kabu na nufi Katako.
Sabo yana cikin kwali, yana ƙanshin roba,
kuɗinsa ya fi na ɗakin da nake kwana.
Akwai na hannu daga Kwatano, jika ɗari shida,
Alhaji Illa ya rantse bai sha gishiri ba.
Na leƙa ƙarƙashi na ga farin tabo.
Ban ce komai ba. Shi ma bai ƙara rantsuwa ba.

Da dare na ce, da sabon gini gara yaɓe.
Sahiya ba ta ɗago kai ba,
ta buɗe bayan littafinta na lekol
inda ashe take rubuta duk abin da na kai wa Munkaila:
buji, buji, farfela, buji,
ranar da kainuwa ta shaƙe shi a Saga,
ranar da ya ci rairayi da rani.
Ta ja layi, ta tara.
Baba, ta ce, yaɓe kan yaɓe
ai ka gina ɗaki da rabi.
Shekararta goma sha huɗu. Na tura ta ta kwanta.

Ba lissafi ya hana ni barci ba.
Shekarar da mahaifina ya sayo shi
ya sayar da shanu biyu da gonar bakin fadama,
ya ɗauko shi a ka tun daga tasha,
bai yarda kowa ya taya shi ba.
Da wannan ƙara muka tsere wa dorina a Gudel,
da ita aka kai uwar Sahiya asibiti tana naƙuda.
Ta yaya zan auna wannan a sikelin mai sayen ƙarfe?

Da safe na faɗa wa Munkaila haka.
Ya yi dariya har ya ajiye sifana.
Wane injin Baba? in ji shi.
Fistan nawa ne, na sa shi bara waccan.
Kafireto na wani Bazabarme ne da ya rasu.
Ƙafar daga Gaya ta zo.
Abin da ya rage na tsohonka murfi ne,
da wannan icen da ya sassaƙa a bakin igiya.

Na daɗe ina kallon ruwa.
Yana raguwa, tsibiran yashi sun fara leƙowa,
kabewa kuma ba ta jiran mai tunani.

Na karɓi na Kwatano, rabi hannu, rabi bashi,
da farin tabonsa da komai.
Icen na kwance na ɗaura a sabuwar igiya,
ya zauna a tafina kamar bai taɓa tashi ba.
Murfin ne ya ƙi shiga.
Na juya shi, na danna, na buga, ya ƙi.

Yana tsakar gida yanzu, a rigingine,
agwagi na shan ruwa a ciki.
Sahiya ta buɗe sabon shafi.